Mindodin Ɗan Goggo

Na jinkirta wannan babi har sai da na gama ba ku labarin aiki da na tafiye-tafiye, domin shi ne wanda na fi so ku karanta a tsanake. Na san abin da 'ya'yan Yaya Rakiya suka gaya muku tun kuna ƙanana: wai ni na karɓe mindodin yaƙi na yayanmu daga hannun kakarku don in ƙawata falona da su, kuma wai labarin da na kai mata a London shi ya gajarta mata kwana. Ban taɓa tanka wa wannan magana ba, saboda wadda ta fara faɗarta yayata ce, kuma ba a yi mini tarbiyyar musu da na gaba da ni ba. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma na tsufa, kuma cikin waɗanda suke ɗakin a ranar babu wanda ya rage sai ni. Saboda haka ga yadda abin ya kasance.

Yaya Haruna shi ne ɗan farin Inna, mahaifiyata. Kamar yadda al'adar garinmu take, ana yaye shi aka miƙa shi ga ƙanwar mahaifinmu, Goggo Abu, ita ta raine shi. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, kuma in ya shigo gaishe ta sai ta juya ta kama wani aiki, ta amsa masa a taƙaice ba tare da ta dube shi ba. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce ɗan Goggo. Ku da kuka tashi kuna hawa cinyar mahaifiyarku kuna iya ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma da ita ake auna mutuncin matan zamaninsu. Ni auta ne, ni aka bari in sha duk gatan da aka hana shi.

Ina makarantar elementare aka shiga ɗibar samari zuwa yaƙin duniya na biyu. Mahaifinmu malami ne, yana da zaure da masu ɗaukar karatu, kuma a ganinsa aikin soja ba na ɗan gidansa ba ne. Duk da haka Yaya Haruna ya tafi, bayan ya sauke Alƙur'ani har ya fara littattafai. Abin da ya dawo mana daga gare shi hoto ne guda da ya ɗauka a barikin Kaduna, da lambarsa ta soja rubuce a baya. Daga nan muka ji an haye da su teku zuwa ƙasar Bama. Ana cikin haka wata rana masinjan Di'o, Baturen mulki, ya zo tare da ɗan saƙon Hakimi, suka tsuguna a zaure suka ce an aiko su faɗa wa Malam ɗansa ya rasu a bakin daga. Ina bakin ƙofa na ji abin da Malam ya tambayi masinjan.

"Kai ka gani?"

"A'a, Allah ya gafarta Malam, aiko ni aka yi."

"Wanda ya aiko ka fa, ya gani?"

"Shi ma waya aka bugo masa daga Kaduna."

"To ku gaishe da Hakimi, ku ce na gode. Amma ba zan yi wa ɗana sadakar mutuwa a kan abin da babu wanda ya gani ba."

Wasu sun ce taurin kai ne. Sai dai da aka gama yaƙi, wani mutumin ƙauyen da ke kusa da mu, wanda shi ma an kawo saƙon mutuwarsa, ya sauka daga jirgin ƙasa da jakarsa a kafaɗa, ya tarar an raba gadonsa. Daga ranar babu wanda ya ƙara ce wa Malam komai. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadakar uku ba balle ta arba'in. In an ambaci Yaya Haruna a gidanmu, abin da ake cewa shi ne Allah ya dawo da shi lafiya. Malam ya rasu a kan haka, Goggo Abu ma ta bi shi. Labarai ba su yanke ba: wani ya ce ya yi aure a ƙasar Indiya, wani alhaji ya ce ya ga mai kama da shi a Makka cikin mutanenmu da suka zauna can. Inna ba ta taɓa tambayar kowa ba, amma matar da suka yi aikin hajji tare ta gaya mini cewa ko a wurin ɗawafi fuskokin mutane take bi da kallo.

Shekara talatin da ɗoriya aka yi a wannan hali, har zuwa lokacin da arzikin mai ya sauko wa ƙasarmu, gwamnatin jiharmu ta turo ni London in kula da ɗalibanta. Wanda bai ga shekarun nan ba da wuya ya gaskata su. Naira tana kallon fam ido da ido. Ɗalibanmu sun cika gari, wasu na karatun likita, wasu na injiniya, wasu kuma, Allah ya shirye su, na karatun kantuna. Gidan da muka kama a Edmonton ya zama masauki: mutum zai sauka daga jirgi da akwati fanko, ya kwana biyu a falonmu, ya koma da firji da leshi da agogon bango. Mahaifiyarku ba ta taɓa sauke tukunya ba. A cikin wannan yalwa na ga bai dace a ce mahaifiyata tana zaune a gida yanar ido ta rufe mata ido biyu, sai an riƙe mata sanda ba. Na aika aka kawo ta don a yi mata aiki. Garin bai burge ta ba. Ta zauna kusa da hita da bargo a ƙafa, kuma ranar da na ce mu shiga tube zuwa asibiti, da ta ji a ƙarƙashin ƙasa jirgin yake bi, sai ta ce ita ba za ta shiga ƙasa da ranta ba. Tasi muka riƙa ɗauka.

Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne mai suna Mista Pullen, wanda ya riƙe muƙamin saja a cikin sojojinmu lokacin yaƙin. Ranar da muka tare ya leƙo ta saman shinge ya ce mini sannu da zuwa, sannan ya ƙara da cewa in kawo ruwa maza-maza, ya fashe da dariya, ya ce iyakar abin da ya rage masa ke nan. Hausarsa ta ba da oda ce, ba ta san mace ba, ba ta san babba ba. Da ya ga Inna an fito da ita shan hantsi sai ya sara mata.

"Kai, tsohuwa, lafiya?"

Inna ta juyo da fuskarta wajena. "Wannan bawan Allah a bakin wa ya tsinci Hausarsa?"

"A bariki, Inna."

"Na ji alama."

Shi ne ya ga hoton Yaya Haruna a ɗakin karatuna wata rana da ya shigo shan shayi. Ya daɗe yana dubawa, ya juya bayansa ya karanta lambar, sannan ya tambaye ni ina mindodinsa. Na ce ban san da wasu mindodi ba. Ya ce duk sojan da ya je Bama an ware masa lambobin yabo, kuma wanda ya mutu a can nasa na iyalinsa ne, amma na mutanenmu da yawa suna nan a ajiye babu wanda ya nema. Ba rundunarsu ɗaya da yayana ba, bai san shi ba, sai dai tsofaffin sojojin suna da wurin da suke haɗuwa, ya ce zai bincika. Ban sa rai ba. Bayan wasu makonni ya ƙwanƙwasa ƙofa, wannan karon babu wasa a fuskarsa. Ofishin da ke riƙe da mindodin ya tabbatar suna nan. Bayan haka kuma ya samo wani Manjo Ashby da ke zaune a Stratford, wanda shi ne hafsan su Yaya Haruna, kuma yana tsaye a wurin ranar da aka binne shi. Ka'idar ofishin ita ce, muddin uwa tana raye, ita ake miƙa wa, ba ɗan'uwa ba. Manjon ya nemi a bar shi ya kawo da hannunsa.

Na ziyarci Manjo Ashby ni kaɗai tukuna, domin ni ɗan Malam ne, ba zan karɓi abin da ban tantance ba. Na tarar da dogon tsoho mai dogara sanda, Hausarsa tsaf, ta jarrabawa, irin ta Turawan da. Ban nuna masa hoton ba sai da ya siffanta mini mutumin: dogo, mai wushirya, mai ɗan tabo a gira ta hagu inda jaki ya taɓa harbinsa. Ya ce Malam suke kiransa, domin shi yake jan su salla. Da na fito daga gidan na zauna a wani benci kusa da tashar bas, na buɗe baki in ce Allah ya jiƙansa, sai na ji harshena ya ƙi. Ban saba ba. A nan na gane girman abin da ke gabana. Mutum ya kwanta a ƙasar da babu nasa, shekara talatin, kuma a gidan da ake yi wa matattun wasu addu'a safe da yamma ba a taɓa roƙa masa gafara ko sau ɗaya ba.

Mahaifiyarku ba ta goyi bayana ba da farko. Tana yankan albasa na gaya mata, ta ajiye wuƙar.

"Alhaji, tsohuwar nan ido aka kawo ta a gyara mata. A buɗe mata ido, abin da za ta fara gani ke nan?"

"To sai yaushe, Mairo?"

"Ka karɓo abinka ka ajiye. Su Turawan sun san tana raye ne in ba kai ka faɗa ba?"

"Na riga na faɗa. Ko da ban faɗa ba, ba zan kashe uwata a baki don a ba ni ƙarfe ba."

"Ni dai na ce ka tambayi Yaya Rakiya."

Wannan shawara ce mai kyau, kuma na bi ta, domin Yaya Rakiya ce babba a cikinmu, ita ce kuma take zaune da Inna a gida. Na ba wani ɗan kasuwa da ya sauka a wurinmu saƙo. Amsa ta zo a kaset, kamar yadda ake yi a lokacin, aka naɗe shi cikin leda tare da ƙullin daddawa. Na kunna a cikin mota don kada Inna ta ji. Bayan doguwar gaisuwa da labarin wanda ya haihu da wanda ya yi aure, sai muryarta ta sauya.

"Auta, ka saurare ni da kyau. Kai ka tafi makarantar kwana, ka tafi aiki, ka tafi Ingila. Ni nake kwana ɗaki ɗaya da ita. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai. Abin da ke riƙe da ita ke nan. Malam da iliminsa ya bar maganar a rufe, kai da bokonka za ka buɗe? In kana son minda ka sayi taka a kanti, na ji an ce babu abin da ba a sayarwa a can. Kada ka kuskura. Na gaya maka."

Na saurari kaset ɗin fiye da sau ɗaya, kuma ban ce babu gaskiya a cikinsa ba. Amma Malam bai ce kada a taɓa yarda ba. Shaida ya nema, bai samu ba. Ni na samu. Kuma na ga cewa ni da Yaya Rakiya da mahaifiyarku duk muna yanke hukunci a kan abin da ba namu ba. Ɗan na Inna ne, ko da bakinta bai taɓa faɗa ba. Abin da na ƙudurta shi ne ba zan ɗora mata labarin ba, ba kuma zan ɓoye mata cewa akwai shi ba. Na jira aka yi aikin, aka kwance bandeji, ta ga fuskokinku a karo na farko ta ce duk kun ɗebo hancin gidanmu. Sai da ta warware sosai, wata safiya bayan ta karya, na shiga ɗakinta na tsuguna.

"Inna, akwai wani Bature da ya yi aiki tare da ɗan Goggo a wurin yaƙi. Yana so ya zo ya gaishe ki, yana da saƙo. In kin ce kada ya zo, ba zai zo ba, kuma ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Ta ci gaba da jan carbinta har na ɗauka ba za ta amsa ba.

"Ya gan shi da idonsa?"

"Ya ce ya gani."

"Gani na ƙarshe?"

"I, Inna."

Ta kai ƙarshen carbin, ta juyo shi.

"Gidanka ne. Ni baƙuwa ce a nan, ina ni ina hana wani baƙo shigowa."

Ku lura da wannan, domin a kansa duk maganar ta tsaya. Inna ba yarinya ba ce. Ta san abin da ta tambaya, ta kuma san abin da na amsa.

Manjo Ashby ya zo ranar wata Asabar da hantsi, cikin baƙar kwat, nasa mindodin jere a ƙirji, Mista Pullen na riƙe da hannunsa. Inna ta sa mayafinta na hajji, ta ƙi kujera, ta zauna a kan darduma a gefen falo, mahaifiyarku kusa da ita. Aka gaisa yadda ya kamata, har Inna ta ce wannan dai ya iya magana. Sai Manjon ya miƙe da ƙyar, ya fito da wani ɗan ƙaramin kwali daga aljihu, ya riƙe shi da hannu biyu, ya fara jawabin da na tabbata ya kwana yana shiryawa. Ya ce ya zo ne a madadin waɗanda suka yi yaƙi tare, ya miƙa wannan ga mahaifiyar Haruna, jarumi, wanda ta haifa ta kuma yi renonsa. Ya sunkuya ya miƙa mata.

Inna ta kawar da kai wajen bango.

"Ni? A'a. Uwarsa ta rasu."

Manjon ya tsaya da kwalin a hannu. Ya dube ta, ya dube ni, na ga fuskarsa ta ɗaure. Na san abin da ya zo masa a rai: cewa na samo wata tsohuwa na zaunar don in karɓi abin da ba a ba ɗan'uwa. A hankali ya mayar da kwalin kusa da ƙirjinsa, ya tambaye ni da Turanci ko akwai abin da ya kamata ya sani. A duk shekarun da na yi ina aiki ba a taɓa duban ƙwayar idona da zargi irin wannan ba, kuma a cikin falona. Na danne zuciyata na yi masa bayani da harshensa, cewa wadda take nufi ita ce goggon da ta raine shi, kuma wannan da ke zaune ita ta haife shi, amma ɗan fari ne, ko a gaban alƙali ba za ta amsa sunan uwarsa ba, balle a gaban baƙi maza biyu da surukarta. Ya ce ya zauna da mutanenmu shekaru, ya ci jarrabawar harshensu, amma bai taɓa shiga cikin gida ba. Ya ajiye kwalin a kan tebur. Daga nan ya yi abin da har yau nake girmama shi saboda shi: ya ba Mista Pullen sandarsa, ya dafa kujera, ya sauka ya zauna a ƙasa, da ƙafarsa mai ciwo a miƙe.

Inna ba ta yi masa magana kai tsaye ba. Ni take tambaya, shi yana amsawa, ko da yake duk da Hausa ake yi.

"Tambaye shi, yaron mutanen nan, ya sha wuya?"

Manjon ya ce a wurin haye wani kogi ne, da safe, harsashi ya same shi a ƙirji, kuma kafin a kai shi gaɓa ya cika. Ya ce ba zai ce mata bai ji zafi ba, amma bai daɗe ba.

"An yi masa wanka?"

Ya ce ruwa dai ga shi a kogi, kuma waɗanda yake jan su salla su suka yi masa, ba su bar wani Bature ya taɓa shi ba.

"Likkafani fa? A daji ina suka ga alawayyo?"

Ya ce jiragen sama suna jefo musu abinci da wata irin babbar laima ta yadi, ita suka yanka.

"Fara?"

"Fara tas, Hajiya."

"Suka sallace shi?"

"Sahu biyu. Ni na tsaya gadi da bindiga har suka gama."

"Ina suka fuskantar da shi?"

"Yamma."

A nan ne kawai Inna ta juyo, ta dube shi da sabon idonta. Na ga hannunta ya damƙe gefen darduma. Mahaifiyarku ma ta ɗago a firgice. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san gabas ake kallo a yi salla, gabas ake fuskantar da mamaci. Na yi sauri na ɗauki kofuna uku daga kan tire na jera a ƙasa a gabanta. Na ce wannan garinmu ne, wannan na tsakiya Makka, wannan na can kuma Bama. Mu muna kallon gabas mu sami Ka'aba. Su da suke ɗaya gefen, sai sun juyo yamma. Ta daɗe tana duban kofunan. Ta sa yatsa ta taɓa na tsakiya, sannan ta taɓa na ƙarshe.

"Ashe ya wuce Makka," in ji ta.

Can ta nuna kwalin da haɓa, ta ce in buɗe. Mindodi uku ne, biyu masu siffar tauraro, ɗaya kewayayye mai hoton kan sarkinsu, kowanne da ƙyallensa mai launi a naɗe. Na ɗora su a tafin hannuna na matsa kusa. Ba ta taɓa ba. Ta tambaya ko an rubuta suna a jiki. Na juya su, babu. Manjon ya fara ba da haƙuri, ya ce na wannan yaƙin haka aka buga su duka, ba suna.

"Ashe su ma suna da kunya," in ji Inna. Sannan ta dube ni. "Kai kuma ba ka da baki ne? Ka ji abin da mutumin ya ce."

Na ɗaga hannu. Na ce Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya gafarta masa, ya sa ya huta. Mahaifiyarku ta ce amin, Manjon ya ce amin, Mista Pullen ya cire hularsa. Inna ce ta ƙarshe, a hankali, ta shafa fuska. Daga nan ta ce wa mahaifiyarku a jiƙa shinkafa da wake, gobe akwai sadaka.

Kafin in faɗi yadda sadakar ta kasance, bari in faɗi abin da wannan rana ta jawo mini, don kada ku ce na ɓoye. Inna ta koma gida da idonta garau, ta yi damina biyu, sannan Allah ya karɓi abinsa. Yaya Rakiya ta ce tun da ta dawo ta rage magana, ta daina zama a zaure da yamma, kuma mota na iya tsayawa a ƙofar gida ba ta ɗaga kai ba. Ban musa ba, na yarda haka aka yi. Ita ta kira wannan karyewar zuciya, ni ina da wani sunan da nake kiransa, kuma babu wanda ya isa ya raba mu sai wadda ba ta nan. Yayata ba ta ƙara taka gidana ba har ta bar duniya. In na je gaishe ta takan amsa, ta sa a kawo mini ruwa, ta tashi ta shiga ɗaki. Mu biyu kaɗai muka rage wa juna, kuma haka muka ƙare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Amma da za a mayar da ni bakin ƙofar ɗakin nan a Edmonton, zan sake shiga in tsuguna.

Da yammacin Asabar ɗin na tafi kasuwar Deptford na haɗo goro da dabino da man gyaɗa, na buga waya gidaje biyu uku. Ban san yadda labarin ya zaga ba. Washegari tun da hantsi mutane suka fara sallama: ɗalibaina, da likitocinmu, da ma'aikata da matansu, da wasu tsofaffin mutanen zango na Gana da ban taɓa gani ba, ɗaya daga cikinsu ya ce shi ma ƙanin babansa yana can Bama bai dawo ba. Takalma suka cika baranda har kan matakala. Mahaifiyarku da matan suna ta suyar waina da ƙosai, tagogi duk sun yi gumi. Wani ɗalibin lauya mai kyakkyawar ƙira'a ya ja karatu. Mista Pullen ya tsaya a bakin ƙofa yana nuna wa mutane inda za su ajiye mota, yana ce wa kowa maza-maza.

Da aka shafa fatiha, sai jama'a suka tashi layi guda zuwa inda Inna take zaune, domin kowa ya san wa aka yi wa rashi. Na farko wani babban likita ne, ya durƙusa a gabanta.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya ba ki dangana."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta miƙa hannu ta tura ɗan kwalin nan a kan darduma har ya taɓa gwiwata.

"Ni me nawa a ciki? Ga wanda aka yi wa rashi nan. Yayansa ne. Ku yi masa."

Likitan ɗan gida ne, ya gane. Ya juyo gare ni, layin duka ya juyo tare da shi. Haka na zauna har la'asar da kwalin a gabana, ina karɓar ta'aziyyar mutumin da ban fi tuna tsayinsa da wushiryarsa ba. Duk wanda ya ce mini ya haƙuri, in ce da godiya. Duk wanda ya ce Allah ya jiƙansa, kafin in buɗe baki sai in ji amin daga bayana, ƙasa-ƙasa, ta cikin mayafi.